Kwance Wa Oksijin Dabaibayi

  

Zan buɗe bahasin nan da wata tambaya wadda kowannenmu ya sha giftawa ta kusa da ita bai tsaya ba. Mun sani tun muna firamare cewa kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce, mun kuma sani ita ce abincin wuta. To, in haka ne, me ya hana rumbun dawa, da tarin karan da ke bayan gida, da rigar da ke jikin kowannenmu, kai har da jikin namu kansa, su kama da wuta nan take, alhali dare da rana suna nutse a cikinta, kuma lissafin masana ya tabbatar da cewa ƙonewarsu gangara ce, da zarar ta fara ita ke tura kanta?

Amsar ita ce, Mahalicci cikin hikimarSa Ya yi wa oksijin dabaibayi. Kowace ƙwayar oksijin, wadda masana ke kira molekul, zarra biyu ce a haɗe, kuma a kewayensu akwai elektaron, waɗanda kowannensu yana da wata sifa da ake kira juyi, mai alƙibla biyu kacal, ko sama ko ƙasa. A galibin abubuwan da muka sani, kamar sukari da mai da auduga, elektaron bibbiyu suke zama, ɗaya ya dubi sama ɗaya ya dubi ƙasa, kamar yara biyu da suka kwanta kai da ƙafa a tabarma ɗaya, har juyin wannan ya shafe na wancan. Wannan hali shi ake kira singilet. Oksijin kuwa ta saɓa wa jama'a, domin elektaron biyu na ƙarshe da take da su kowanne ɗakinsa daban, kuma alƙiblarsu ɗaya; wannan shi ne tiriplet. Hujjar haka ido ma yana iya ganinta, gama in aka sanyaya oksijin har ta zama ruwa, a digiri 183 ƙasa da sifili, aka zuba ta tsakanin bakunan maganaɗisu, sai ta maƙale a wurin ta ƙi zuba. To, akwai ƙa'ida a ilmin kimiyya cewa jimlar juyi ba ta sauyawa cikin sauƙi yayin da abubuwa biyu ke haɗuwa, saboda haka tiriplet da singilet ba sa ƙulla zumunci sai da ƙyar, har masana suna kiran irin wannan haɗi haramtacce, ko da yake abin da suke nufi shi ne mai tsananin jinkiri. Dalilin da ya sa ke nan man gyaɗa yakan yi watanni a tulu kafin ya juya ya yi wari, itace kuma yakan jira ashana.

Tun a 1928 Robert Mulliken na Amurka ya nuna ta hanyar lissafi cewa oksijin tana da wasu halaye sama da wannan na yau da kullum, waɗanda a cikinsu juyin elektaron ɗin nan biyu ya saɓa wa juna. Mafi ƙasƙancinsu, wanda shi ne abin bahasinmu, ya ɗara oksijin ta yau da kullum da ƙarfin kilojul 94 a kowane mol, kuma in ya koma halinsa na asali yakan saki wani ɗan haske mai tsawon nanomita 1270, wanda ya wuce ja, ido ba ya ganinsa, sai na'ura. Wannan ita ce oksijin singilet, wato oksijin da aka kwance wa dabaibayi. Ba wuta take tayarwa ba, kuma a nan darajarta take ga mai haɗa magunguna da turare: tana zaɓen inda za ta sauka, ta nufi wurin da zarrar kabon biyu ke ɗaure da ɗauri mai ninki biyu, ta shiga da zarrarta biyu duka, wani lokaci ta rataya a gefe ta janyo haidirojin guda, wani lokaci ta gina gada a tsakiyar zobe, ta bar sauran jikin molekul ɗin yadda ta same shi.

Sai dai rayuwarta gajera ce ainun, kuma ina roƙon ku riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya rataya. In tana ita kaɗai a sarari, ba ta karo da kowa, tana iya wuce sa'a guda. Amma a cikin ruwa ba ta wuce kashi 3 zuwa 4 cikin miliyan na sakan ɗaya, saboda ɗaurin oksijin da haidirojin da ke jikin ruwa yana tsotse mata ƙarfi ya mai da shi ɗumi. A cikin wannan ɗan lokaci tafiyar da za ta iya yi kimanin kashi ɗaya ce cikin 300 na kaurin silin gashi. A ruwan narkarwa marasa haidirojin takan daɗe fiye da haka sau dubbai, amma ko a can ba a isa a ɗura ta a kwalba a kai kasuwa ba. Dole a haife ta a wurin aiki, a lokacin aiki, kusa da abin da za ta yi wa aiki.

Ungozomar wannan haihuwa ita ce abin da ake kira katalis, sunan da ya samo asali daga Berzelius na Suwidin a 1835: abu ne da ke sauƙaƙa haɗi, a haihu a hannunsa, amma ɗan ba nasa ba, in an gama kuma ya wuce gida na gaba. Ungozomar da aka fi sani a nan rini ce. Oksijin da kanta kusan ba ta karɓar hasken da zai tashe ta, amma rini yana karɓa, ya hau sama, ya juya ya zama tiriplet, in ya yi karo da oksijin wadda ita ma tiriplet ce sai su yi musaya, rini ya sauko ya koma yadda yake, oksijin ta tashi singilet, sa'an nan rinin ya sake karɓar wani hasken. Ba kowane rini ke da wannan ɗabi'a ba. Baban da marinanmu ke turawa a Ƙofar Mata yana mai da haske ɗumi cikin ƙiftawar da ta fi ƙarfin misali, shi ya sa shuni ke jure wa rana, marini kuwa abin da yake so ke nan. Amma mai kimiyya kishiyar haka yake nema, rinin da zai riƙe hasken har oksijin ta iso. Irin waɗannan su ne Rose Bengal, jan rini mai ɗauke da zarrar aidin 4 da kulorin 4, waɗanda nauyinsu ke taimaka masa juyawa, da shuɗin metilin, wanda Paul Ehrlich ya gwada a kan zazzaɓin cizon sauro tun 1891, da kulorofil, wato koren ganye, da danginsa da ake kira forfirin. Ganye kansa yana cikin wannan haɗari kullum rana ta fito, kuma garkuwar da aka yi masa ita ce karotin, sinadarin nan da ya ba manja da karas launinsu, wanda ke kwantar da oksijin singilet kafin ta yi ɓarna.

Yanzu bari in ba ku labarin mutumin da ya fara ganin wannan al'amari, domin a wurina gwajinsa yana cikin mafi kyawun gwaje-gwajen da aka yi a ƙarnin da ya wuce, kuma da daskararren abu ya yi shi. Sunansa Hans Kautsky, yana aiki a Heidelberg ta ƙasar Jamus, shekarar kuwa 1931. Kafinsa an riga an san cewa rini da haske da iska in sun haɗu suna kashe ƙananan halittu, tun daga binciken Oscar Raab a Munich a 1900, amma ba a san ta yaya ba. Kautsky ya samo ƙwayoyin silika, irin waɗanda kuke gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi, ya raba su kashi biyu, ya shayar da kashi ɗaya wani rini mai suna tiraifafilabin, ɗaya kashin kuma ya shayar da shi wani sinadari marar launi wanda ba ya yin kore sai oksijin ta kama shi. Da suka bushe ya gauraya su, ya rage iskar da ke cikin kwalbar, ya haska. Sai ƙwayoyin marasa launi suka rine. Tunda rinin yana manne a wannan ƙwaya, sinadarin yana manne a waccan, babu ruwan da zai kai ɗaya wurin ɗaya, to, lalle akwai wani manzo da ya tashi daga nan ya sauka can ta cikin iska, kuma Kautsky ya ce manzon nan oksijin ce da aka tayar.

Malaman zamaninsa ba su karɓa ba. Mafi rinjayen ra'ayi, wanda Günther Schenck ya tsaya a kansa shekaru da yawa, shi ne rinin ne ke rungumar oksijin ya kai ta da kansa. Ba na ambaton Schenck don in rage masa daraja, domin shi ne tare da Karl Ziegler suka haɗa askaridol, maganin tsutsar ciki, a 1944, daga wani mai na itatuwa da kulorofil da haske da iska, bayan yaƙi kuma ya jera tulunan gilashi a lambunsa yana haɗa shi da hasken rana; ya ƙware a aikin, fassararsa ce ta kauce. Sai a 1963 Ahsan Khan da Michael Kasha a Florida suka bayyana cewa jan hasken nan mai rauni da ke fita in an haɗa ruwan bilic da haidirojin feroksaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, daga oksijin singilet yake. A 1964 kuma Christopher Foote da Wexler a Los Angeles suka nuna cewa wannan haɗin, ba rini ba fitila, yana haifar da abubuwan da rini da haske ke haifarwa, kuma bisa rabo iri ɗaya. Shekara 33 ke nan tsakanin hujja da ijma'i. Kautsky ya rasu a 1966.

To, tunda narkakken rini yana aiki, me ya kawo maganar daskararre? Ku ɗauki misalin turaren wardi. A 1959 aka gano a cikin man wardin Bulgeriya wani sinadari ɗan kaɗan wanda ke da babban rabo a ƙanshinsa, aka sa masa suna oksaid ɗin wardi, ba da jimawa ba kuma aka koyi haɗa shi daga sitironelol, wanda ake samu a man wata ciyawa dangin tsauri da nobe. Kamfanin Dragoco na Holzminden, wanda yanzu ya shiga cikin Symrise, ya daɗe yana yin sa da Rose Bengal da manyan fitilu. Amma wanda ya narka jan rini a cikin abin da zai zama turare ko magani, dole daga baya ya fitar da shi har ɗigon ƙarshe, kuma fitarwar tana cin ruwan narkarwa da lokaci da kuɗi, rinin da aka fitar kuma galibi zubarwa ake yi. Da a ce ungozomar tana zaune a kan wani abu mai jiki, kamar tsaba ko gari, da sai a tace kawai, ruwa ya wuce, ita ta tsaya a mataci, a ɗauraye ta a mai da ita aiki. Ko kuwa a cusa ta a bututun gilashi ta zauna daram, kaya na shiga ta nan suna fita ta can.

Wannan tunani ya zama aiki a 1973, lokacin da Blossey da Neckers da Thayer da Schaap a Amurka suka ɗaure Rose Bengal a jikin 'yan ƙwayoyin roba na folistirin, irin waɗanda Bruce Merrifield ya fito da su shekara 10 kafin nan don haɗa furotin, har daga baya aka riƙa sayar da su da sunan Sensitox. An sami wata fa'ida da ta zarce tacewa, domin Rose Bengal gishiri ne, ba ya narkewa a daikulorometan, alhali a wannan ruwan oksijin singilet ta fi daɗewa nesa ba kusa ba a kan yadda take a ruwan sha. Da aka ɗora shi a kan roba sai ya sami shiga inda a da ba ya shiga. Amma ku tuna da silin gashin nan. Ƙwayar robar ta fi nisan tafiyar oksijin singilet kauri sau da yawa, saboda haka duk wadda aka haifa can tsakiyar ƙwaya ba za ta fito da rai ba, sai dai in robar ta kumbura ta sha ruwan har abin da ake so a sarrafa ya shiga ya same ta a ciki. In kuma aka cunkusa rini da yawa don a ƙara aiki, sai ƙwayoyinsa su matsu su riƙa kashe wa juna ƙarfi, na waje kuma su tare wa na ciki haske. Kowane daskararren katalis da aka ƙera tun daga ranar, da waɗannan matsaloli yake kokawa.

Wasu suka ce, tunda dole sai an haɗu a ciki, bari a gina cikin yadda zai yi amfani. Akwai wani dangin ma'adini da ake kira ziyolait, mai ramuka daidai wa daida kamar saƙar zuma, kowane ɗaki a irin da aka fi amfani da shi faɗinsa kimanin nanomita 1.3, wato ɗakin molekul ɗaya ko biyu. A 1996 Ramamurthy da abokan aikinsa a Jami'ar Tulane suka shigar da shuɗin rini cikin waɗannan ɗakuna, suka tarar cewa wasu sinadaran da a cikin ruwa ke haifar da 'ya'ya iri biyu gauraye, a cikin ziyolait kusan iri ɗaya tak suke haifarwa, saboda zarrar sodiyam da ke manne a bango tana riƙe molekul ɗin ta fuska guda. Wannan babban al'amari ne, domin a haɗin turaren wardi ma 'ya'ya biyu ake samu, ɗaya ne kawai ke zama turare. Sai dai wanda bango ya zaɓa ba kullum ne wanda ɗan kasuwa ke so ba, ɗakunan kuma ba sa ɗaukar kaya da yawa. A 'yan shekarun nan an koma ga gine-ginen da ake ƙerawa daga ƙarfe da forfirin, inda rinin da kansa shi ne tubalin bango, kowane ɗaya a ware daga ɗan'uwansa, ba mai kashe wa wani ƙarfi.

Akwai kuma hanya ta biyu wadda ba ta bukatar haske ko kaɗan, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta a darussanmu. A 1985 Jean-Marie Aubry, masanin Faransa da ya daɗe yana koyarwa a Lille, ya bi jadawalin sinadarai kusan gida gida, yana jarraba wanne ne zai sa haidirojin feroksaid ya rabe ya ba da oksijin singilet maimakon ta yau da kullum, ya tarar cewa gishirin molibdet ya yi fice, har kusan duk oksijin da ke fita a hannunsa singilet ce: feroksaid biyu su shiga, ruwa biyu da oksijin singilet ɗaya su fito. Sharaɗinsa shi ne ruwan ya kasance mai kaifi irin na kanwa ko toka, wanda kuma ba kowane sinadari ke jure masa ba. Sai masanan Leuven ta Beljiyam, Bert Sels da Dirk De Vos da Pierre Jacobs da ɗalibansu, suka ɗauko wani ma'adini mai suna haidirotalsait, wanda aka gina shi falle-falle kamar ganyen littafi daga magniziyam da alminiyam, suka zaunar da molibdet a tsakanin fallayen. Su fallayen suna da nasu kaifin, don haka ba a bukatar zuba wani a ruwan. Ga gari fari, a zuba shi a tukunya, a riƙa ɗiga feroksaid sannu sannu, domin in ya yi yawa a lokaci ɗaya molibdet ɗin yakan ƙoshi ya yi ja ya daina aiki. Sun kuma gwada lantanam a cikin ziyolait. Illar wannan hanya tana cikin jikin garin kansa, gama fuskarsa cike take da irin ɗaurin nan na oksijin da haidirojin da ke kashe oksijin singilet a ruwa, ta yadda wani kaso nata yakan mutu a ƙofar ɗakin da aka haife ta, a yi asarar feroksaid.

Na zo kan wurin da wannan ilmi ya taɓa gidajenmu. A 1972 Tu Youyou da ayarinta a ƙasar Sin suka fitar da atemisinin daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015, kuma daga wannan sinadari ake yin magungunan zazzaɓin da yau ake bai wa 'ya'yanmu, irin su Coartem. Ƙarfinsa duka yana cikin wata gada ta zarrar oksijin biyu, wadda ƙarfen da ke cikin jinin da ƙwayar cutar ta ci yake karyawa, karyewar kuma ta halaka ta. Wannan gada kuwa oksijin singilet ce ke aza harsashinta. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da ta fi addaba, saboda haka farashin kilo ɗaya na atemisinin magana ce da ta shafi kowace uwa a damina.

Don samun wata hanya ban da noman tsiron, Jay Keasling na Berkeley da kamfanin Amyris sun koya wa yis ya riƙa yin uwar sinadarin daga sukari, kamfanin Sanofi kuma ya buɗe masana'anta a Garessio ta Italiya a 2013 don ƙarasa aikin da forfirin narkakke da fitilu da daikulorometan, da nufin yin tan 50 zuwa 60 a shekara. Ilmin ya yi nasara, kasuwa ta ƙi: farashin atemisinin na gona ya faɗi ƙasa da dala 250 kilo, alhali na masana'anta yana tsakanin 350 da 400, har a 2016 aka sayar da wurin ga Huvepharma. Shi aikin ƙarasa atemisinin mataki-mataki ne, oksijin singilet ta fara shiga, sa'an nan tsami ya tsaga abin da ta gina, oksijin ta yau da kullum ta ƙara shiga, zobba su rufe. Kowane mataki da nasa kayan da nasa sharar. A 2012 Lévesque da Seeberger a Jamus suka mai da shi cikin siririn bututu da aka naɗe a jikin fitila, wanda ya rage haɗarin gobara, ya kuma sa haske ya ratsa ko'ina. A 2015 kuma Zacharias Amara da Martyn Poliakoff da Michael George a Nottingham ta Ingila suka yi abin da ya fi kusa da maganarmu ta daskararren katalis: suka ɗauki ƙwayoyin Amberlyst, roba mai tsami a jikinta, suka ɗora mata forfirin, ƙwaya ɗaya ta zama ita ce mai tayar da oksijin ita ce kuma mai tsagawa, suka maye gurbin daikulorometan da iskar kabon dayoksaid da aka matse ta zama ruwa, wadda ba ta cin wuta, oksijin singilet kuma tana daɗewa a cikinta. Kusan rabin abin da suka zuba ya fito atemisinin.

Wajibi ne in faɗa muku gaskiya, manyan masana'antun da na ambata, na turare da na magani, da narkakken katalis suka yi aikinsu, daskararren kuwa har yanzu galibinsa yana ɗakunan bincike. Sababin haka matanmu sun san shi a kasuwar atamfa, inda tambaya ta farko ita ce, yana zuba? Rini da yawa da aka ce an ɗaure, da an jiƙa shi sai ya saki, ya zama narkakken da ya zuba ne ke yin aikin, garin da ke ƙasa yana karɓar yabo. Roger Sheldon na Delft da abokansa sun yi faɗakarwa mai zafi a kan wannan a 1998, kuma gwajin da suka nanata ba ya bukatar kuɗi: a tsakiyar aiki a tace garin tun ruwan bai huce ba, a bar ruwan shi kaɗai ya ci gaba, in aiki ya tsaya cik, katalis ɗin daskararre ne da gaske, in kuwa ya ci gaba, to, yana zuba. Tambaya ta biyu ita ce, yana koɗewa? Oksijin singilet ba ta san ungozomarta ba, takan juyo ta cinye rinin da ya haife ta, don haka wanda ya ce garinsa ya yi aiki sau 5 bai gaya mana kome ba tukuna, sai ya faɗi saurin aikin a karo na farko da na biyar. Ta uku kuma, shin oksijin singilet ce ma ke aikin? Rini yana iya miƙa wa oksijin elektaron maimakon ƙarfi, a sami wani abu daban mai ɓarna. Shaidar da ba ta da jayayya ita ce hasken nan na nanomita 1270. Wanda ba shi da na'urar ganinsa sai ya sauya ruwa da ruwa mai nauyi, inda oksijin singilet ke daɗewa kusan sau 20, ya ga ko aikin zai ƙaru, ko ya zuba ɗan gishirin azaid mai kashe ta, ya ga ko zai tsaya. Na karanta takardu da dama, na gida da na waje, waɗanda suka tsallake waɗannan shaidu, kuma abin yana damuna, domin da'awa ba tare da shaida ba ko a gaban alƙali ba ta tsayawa.

A 1912 Giacomo Ciamician, wanda ya yi shekara da shekaru yana jera kwalaben gwajinsa a rufin ɗakin bincikensa a Bologna, ya yi lacca a New York ya yi hasashen cewa ƙasashe masu zafin rana su ne za su fi cin moriyar kimiyyar haske. Masanan Turai sun bi wannan hasashe har Almería ta Sifen don neman ranar da mu take dukanmu a tsakar gida kusan duk shekara. Ba na cewa gobe za mu gina masana'antar atemisinin, domin wannan yana bukatar jari da tsari da kasuwa. Abin da nake cewa shi ne tambayoyin da suka rage a wannan fage, na zuba da koɗewa da yadda haske ke ratsa gari, tambayoyi ne da ake amsawa da haƙuri da tsabtar aiki fiye da tsadar na'ura. A 2018 ayarin Seeberger sun nuna cewa ɗanyen ruwan ganyen tsiron atemisinin ma, da kulorofil ɗin da ke cikinsa, ya isa ya tayar da oksijin ya ƙarasa haɗin.

Ku ɗalibai, shuɗin metilin yana nan a kowane ɗakin gwajin asibiti, silika tana nan, siririn bututu mai ratsa haske ba shi da tsada. Wanda zai fara cikinku, ya fara da haɗin Schenck na askaridol, kaɗan kaɗan, a ƙarƙashin kulawar malaminsa, domin feroksaid abu ne mai fashewa in an tara shi ko an ɗumama shi, oksijin da ruwan narkarwa kuma maƙwabtan gobara ne. Ya shayar da silikarsa rini, ya wanke ta har ruwan wankin ya fito fari tas, ya ajiye kwalba ɗaya a rana, ɗaya a naɗe cikin baƙin ƙyalle, ta uku kuma ya tace ta bayan rabin sa'a ya mai da ruwan rana shi kaɗai, ya rubuta lokaci da yanayin gari a littafinsa, ya kawo mini sakamakon kwalaben uku tare.